Kafin Ku Zuba Ganye a Roba: Nasiha Ga Matasa Masu Haɗa Maganin Kumburi

'Ya'yana, ku da kuke karatun harhaɗa magunguna a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da ku da ba ku bi ta jami'a ba amma kuka koyi haɗa man shafawa kuna tallarsa ta waya, yau da ku nake. Akwai abin da na daɗe ina gani a wurinku yana faranta mini rai. A zamanin da muke samari, ɗan boko kunya yake ji a gan shi da ƙullin sassaƙe. Yanzu kuwa ɗalibi da kansa zai zaɓi bagaruwa ko zogale ko kurkum, ya tatso sinadarin da ke ciki, ya haɗa shi da jel, wannan abin shafawa mai santsi da sanyi da ba ya barin maiƙo a jiki, sannan ya gwada ko zai saukar da kumburi. Wasu ba su tsaya a takardar digiri ba, sun zuba a robobi, sun liƙa suna, sun shiga kasuwa. Madalla da wannan himma. Roƙona a gare ku guda ɗaya ne: kada bakinku ya wuce abin da hannunku ya gwada.

Kumburi ba daga waje yake zuwa ba, jiki ne da kansa yake tayar da shi. In ƙaya ta soki mutum, ko ya yi targaɗe, ko ƙwayar cuta ta sami ƙofa, sai hanyoyin jinin wurin su buɗe, jini ya kwararo, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su tsallako cikin tsoka don su kashe abin da ya shigo, su kwashe abin da ya mutu. Shi ya sa wurin yake yin ja, ya ɗau zafi, ya tasa, ya yi zugi. Wani mutumin Roma mai suna Selsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu tun kusan shekara 2000 da suka wuce, kuma har gobe su ake koyarwa. Sai dai ku tuna littattafan da kuke karantawa da farar fata aka rubuta su. A jikin baƙin mutum jan ba ya fitowa fili, wurin ƙara duhu yake ko ya yi sheƙi, don haka ku saba da ɗora bayan hannu ku ji ɗumin wurin, ku kwatanta da ɗaya gefen. Kumburin kwana biyu ko uku sau da yawa aikin gyara ne. Wanda yake wahalar da mutane shi ne wanda ya ƙi tafiya, kamar na gwiwar tsofaffi da gaɓɓan yatsu.

Daga cikin abubuwan da jiki ke saki a wurin da ya ji rauni akwai wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Su ne suke buɗe hanyoyin jini, suke sa jijiyoyi su ƙara jin zafi. A shekarar 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa asfirin hana jiki ƙera su yake yi, kuma wannan ne ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Shi kuwa asfirin, asalinsa daga ɓawon wata bishiya ce da masana ke kira Salix, wadda mutane suka daɗe suna jiƙa sassaƙenta don zazzaɓi kafin kamfanin Bayer na Jamus ya fito da irin wanda muka sani a 1897. To duk wanda ya yi muku dariya don kun kama sassaƙe, ku yi masa uzuri, bai san tarihin ƙwayar da yake haɗiya ba.

Amma waɗannan sinadarai da ke jawo zugi a gwiwa, su ne kuma suke kare bangon ciki daga tsami, suke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Shi ya sa dattijon da ya mayar da ƙwayar ciwon jiki tamkar goro, kullum yana aika jika kemis a haɗo masa, yakan wayi gari da gyambon ciki ko ƙodarsa ta gaji. A nan ne maganin shafawa yake da daraja. Idan aka shafa jel na maganin ciwon jiki dikulofenak a gaɓa, abin da ke shiga jini bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 na abin da zai shiga in an haɗiye shi ba. Ga iyayenmu masu ciwon gwiwa wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Saboda haka hanyar da kuka ɗauko hanya ce mai kyau, kuma buƙatar tana nan a kowane gida.

Tsirranmu ma ba su rasa abin nunawa ba. Ku dubi bagaruwa. 'Ya'yanta cike suke da sinadarin tanin, wanda yake kama nama ya tsuke shi, kuma da ita majeman Kano da Sakkwato suka yi ɗaruruwan shekaru suna jeme fata. Wannan tsukewar ce take sa ta tsayar da tsattsafar ruwa a ƙaramin rauni, ita ce dalilin da ya sa ungozoma ke dafa wa mai jego ruwanta, ake kuma kurkure baki da ita in dasashi ya kumbura. Ku dubi hano, wanda wasu ke kira ararrabi, mai tsirowa a kan duwatsu, ɓawonsa yana saɓulewa siriri. Ɗan'uwan bishiyar lubban ne, kuma akwai wani ɗan'uwansa a Indiya, Boswellia serrata, wanda aka yi ta bincike a kan ƙaronsa aka samu yana da sinadaran da ke toshe wata hanyar kumburi a ɗakin gwaji. Sai dai 'yan'uwantaka ba ta sa a gaji sakamako. Abin da aka samu a na Indiya ba za ku rubuta shi a kan robar namu ba sai kun auna namu. Kurkum kuma, sinadarin da ake yabonsa dominsa, kurkumin, ɗan kaɗan ne a cikin garin, ba ya narkewa a ruwa, haske yana lalata shi, haka ma duk abin da ke da kanwa-kanwa. Wanda ya zuba shi a farar roba ya ajiye a bakin taga, launin rawaya kawai zai sayar wa mutane.

Da yawa daga cikin abin da duniya ta sani game da tsirran ƙasar Hausa ya bi ta hannun wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har sunan hano na kimiyya, Boswellia dalzielii, da sunansa aka raɗa. Ya yi aikin da ya cancanci yabo. Amma ilimin na wanzamai ne da maharba da makiyaya da 'yan mai ganye, kuma yawancinsu sun tafi ba a san sunayensu ba. Wannan yana taɓa mini zuciya. Ku kada ku maimaita haka. In za ku je wurin tsohuwa mai magani, ku je da ladabi, ku cire takalmi, ku zauna ƙasa, ku gaya mata gaskiyar abin da za ku yi da abin da za ta faɗa, ku nemi yardarta, ku rubuta sunanta. Kuma ku tambaye ta abin da ɗalibai suke mantawa: wane ɓangare take ɗiba, saiwa ko ganye ko ɓawo, da wane lokaci na shekara, a inuwa take shanyawa ko a rana, wa take hana wa amfani da shi. Amsar tambaya ta ƙarshen nan sau da yawa ta fi duk sauran tsada.

Muna da misali a gida. Maganin sikila da ake kira Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD da ke Abuja, ta yi aiki a kansa, daga hannun wani mai maganin gargajiya ya fito, Rabaran Paul Ogunyale. An ƙulla yarjejeniya da shi, kuma sunansa yana cikin takardar mallakar fasahar tare da na masanan. Haka ya kamata a yi.

Bayan kun karɓo ganye, kada ku dogara da sunan da aka faɗa muku a kasuwa. Bishiya ɗaya wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi, sannan akwai tsirrai mabambanta da ake kira da suna ɗaya. Garin da kuka sayo a ƙulle a leda ba wanda zai iya rantsewa da abin da ke ciki. Ku ɗebo tsiron da ganyensa da furensa ku kai ɗakin adana samfurin tsirrai, irin wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello, a tantance muku, a ba ku lamba. In sassaƙe za ku yi, ku ɗiba ta gefe ɗaya, kada ku zagaye bishiya da gatari, domin bishiyar da aka yi wa zobe mutuwa take.

Yanzu ga shi kansa jel ɗin. Yawancinsa ruwa ne. Ɗan gari kaɗan ake zubawa, irin su Carbopol, kusan kashi 1 cikin 100, a bar shi ya jiƙa, a rage masa tsami, sai ya kama jikinsa ya yi kauri. Yana da daɗin shafawa, ba ya ɓata tufafi, yana bajewa a wurin da ke da gashi, kuma yayin da ruwansa yake bushewa sai fata ta ji sanyi. A ƙasar zafi irin tamu mutum ya fi son sa a kan man da zai narke ya yi ta naso. Amma yana da hali. Carbopol ba ya shiri da gishiri, kuma ruwan ganye yakan zo da gishirinsa, sai ka ga abin da ya yi kauri jiya yau ya tsinke. Bagaruwa in ta haɗu da tukunyar ƙarfe baƙi take yi. Abin da yake mai ne, kamar man kaɗanya ko man habbatus sauda, ba zai zauna cikin ruwa ba sai an sa abin da zai haɗa su. Fatar mutum kuma tana da ɗan tsami na halitta, wajen 5 a ma'aunin tsami, kuma duk abin da ya yi nisa da haka zai jawo ƙaiƙayi ko raɗaɗi. Wanda ya tatso sinadari da metanol, ya tabbata ya ƙafe ƙaf kafin ya haɗa, domin guba ne.

Babban abin da nake tsoro shi ne ruɓewa. Ruwa da ganye da ɗumi, ai abincin ƙwayoyin cuta ne da fumfuna. Kunun da aka dama da safe a bazara, kowa ya san yadda yake komawa kafin washegari, kuma jel ɗin da ba a sa masa sinadarin kariya ba ɗan'uwansa ne, sai dai shi ba lallai ya yi wari ya gargaɗe ka ba. Akwai ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas da ke son irin wannan wuri, kuma in ta shiga ƙuna ko gyambo tana da wuyar magani. Na san masu saye suna son su ji an ce ba a sa komai ba, zallar ganye ne. Kada ku biye musu. Ku sa kariya daidai gwargwado, ku rubuta a jiki. Ku yi amfani da ruwan da aka tace a ɗakin gwaji, ku fifita robar matsawa a kan mai faɗin baki da kowa zai tsoma yatsa. Masu kamfanonin magani sukan ajiye kayansu a zafin digiri 40 da laima kashi 75 cikin 100 har wata 6 don su ga ko zai jure. Su gwajin tsanani suke kiransa. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram wannan zafin shi ne na watan Afrilu a cikin shago mai rufin kwano. Wanda bai ajiye kayansa ya duba shi wata bayan wata ba, ba shi da ikon rubuta ranar lalacewa.

Sai maganar shiga jiki. Allah ya halicci fata don ta tsare, ba don ta bari a wuce ba. Saman fatar, wanda bai kai kaurin takarda ba, matattun ƙwayoyi ne jere da kitse a tsakaninsu, kuma masana sun lura cewa sinadarin da nauyinsa ya haura kusan dalton 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Da yawa daga cikin tanin sun fi haka girma. Ke nan jel na bagaruwa zai iya yin aiki a saman fata ko a dasashi, amma wanda ya ce yana nutsawa har cikin gaɓar gwiwa, sai ya kawo shaida. Akwai 'yar kwalbar gwaji da Thomas Franz ya fito da ita a 1975, ana shimfiɗa fata a tsakani, a shafa magani a sama, a riƙa ɗibar ruwan ƙasa ana auna abin da ya ratso. Ba ta fi ƙarfin jami'o'inmu ba. Ku nemi a koya muku.

Na zo kan gwajin ɓera, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne na ga ƙafar yara masu kirki tana zamewa. Gwajin da kusan kowa ke yi, Charles Winter da abokan aikinsa ne suka fito da shi a Amurka a 1962. Ana tsira wa ɓera wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, karajinan, a tafin ƙafar baya. Ƙafar ta kumbura, a shafa magani, a riƙa auna girmanta awa bayan awa har awa biyar ko shida. Gwaji ne mai kyau, ya taimaka wajen gano magunguna na gaske. Amma ku dubi abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Ya faɗa cewa a cikin ɓeraye biyar ko shida, a wuni ɗaya, kumburin da aka ƙirƙira ya ragu. Bai ce komai ba game da gwiwar Hajiya mai shekara 70 wadda guringuntsinta ya shafe shekara 15 yana cinyewa. Fatar ɓera ta fi tamu siranta da yawan ƙofofin gashi, magani ya fi saurin ratsa ta. Bai faɗi abin da zai faru in an yi wata uku ana shafawa ba, bai faɗi ko zai sa wani borin jini ba. Idan ɗalibi ya rubuta cewa haɗinsa ya kusa kamo dikulofenak a ƙafar ɓera, ya faɗi gaskiya, kuma ya cancanci makinsa. Idan ya ɗauki wannan jimla ya mayar da ita talla cewa ya gano maganin sanyin ƙashi, ya ɗora wa ɓera kayan da bai ɗauka ba.

Kuma kada ku taɓa yin gwaji ba tare da rukunin da aka shafa wa jel zalla ba, wanda babu ganye a ciki. Sanyin ruwa da murzawar hannu da kyautata zato su kaɗai suna rage ciwo ƙwarai. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen magani tana tace su, ta duba na masu ciwon gaɓɓai a 2016, ta samu kusan mutum 6 cikin 10 sun ji sauƙi sosai da dikulofenak na shafawa, amma kusan 5 cikin 10 ma sun ji sauƙi da abin shafawar da babu maganin a ciki. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Idan mutum goma suka sayi haɗinku, biyar suka dawo suna sa muku albarka, ba ƙarya suke yi ba, amma hakan bai nuna ganyen ne ya yi aiki ba. Saƙonnin godiya da kuke ɗorawa a WhatsApp ba za su tsaya a madadin gwaji ba.

To, an taɓa gwada irin waɗannan a jikin mutane yadda ya kamata? An yi, amma kaɗan. A Suwizalan, a wani bincike da aka wallafa a 2007, an raba mutum 204 masu ciwon gaɓɓan yatsu gida biyu, wasu suka shafa jel na wani furen duwatsun Turai mai suna Arnica montana, wasu na ibufurofen, har mako uku. Sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya. Da Cochrane ta tattara duk abin da aka yi a duniya kan maganin ganye na shafawa don ciwon gaɓɓai a 2013, bincike 7 kacal ta samu da suka cancanci dubawa, masu ɗauke da mutum 785. Ta ga alamar amfani a furen nan da kuma wani tsiro mai suna Symphytum, ta ga jel na barkono a ƙarfin da aka gwada bai taɓuka abin kirki ba sai raɗaɗin fata, ta kuma lura cewa illar furen ba ta gaza ta ibufurofen ba. Wannan ƙarancin bai kamata ya karya muku gwiwa ba. Fili ne a buɗe, kuma ɗan Arewa da zai yi gwaji ɗaya mai tsafta a kan hano ko bagaruwa zai ƙara wa duniya abin da take nema.

Ga wani da ya kai gaci. Akwai wata cuta ta gado da ke sa fatar yaro ta yi bororo ta saɓule da ɗan gugar riga. An haɗa mata wani jel mai suna Filsuvez, kashi 10 cikin 100 sinadarin ɓawon wata farar bishiyar ƙasashen sanyi da ake kira Betula, kashi 90 man irin furen nan mai bin rana. Abu biyu ke nan, ba ƙari. An gwada shi a kan marasa lafiya 223 a ƙasashe da dama. Cikin kwana 45, raunin da aka sa wa ido ya rufe a kusan kashi 41 cikin 100 na waɗanda suka shafa shi, da kusan kashi 29 na waɗanda suka shafa jel ɗin kwatanci. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, Amurka a 2023. Ku lura ba su ce yana warkar da kowa ba, kuma ba su ce yana maganin basir da shawara da ciwon baya ba. Cuta ɗaya, adadi ɗaya, suka tsaya a kai. Abin da zai ba ku sha'awa, cikin sinadaran ɓawon nan akwai lufiyol, wanda yake cikin man kaɗanyar da kakanninku mata suke gasa wa jarirai jiki da shi.

Akwai wata jarrabawa da za ta zo muku, gara in faɗa tun yanzu. Ganye a hankali yake aiki, mai saye kuwa yana son ya gani da safe. Sai wani ya raɗa muku cewa a ɗan matsa man sitiroyid a ciki, irin su kulobetasol da betametazon da ake cusawa a haɗin bilicin, ba wanda zai sani. Ba a nan kaɗai ake yi ba. A 1999 likitocin asibitin King's College da ke Landan sun auna man shafawa 11 da aka sayar wa mutane da sunan zallar ganyen Sin, suka tarar 8 akwai dekzametazon a ciki. Sitiroyid yana kwantar da kumburi nan take, ba musu. Amma in an daɗe ana shafawa fata tana sirancewa, nankarwa ta fito, makero ya ɓuya ya bazu, rauni ya ƙi haɗewa, kuma a jikin jariri yana ratsawa ya shiga jini. Uwar da ta saya don an ce mata ganye ne za ta lafta wa ɗanta ba tsoro. Wannan cin amana ne, kuma haƙƙin yaron ba zai bar mutum ba. Na san yawancinku ba za ku yi ba. Ku kuma hana abokanku.

Haka nan kada kalmar ganye ta sa ku sakin jiki. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana ƙona shi, na tinya yana saɓule fata, ɗanyar tafarnuwa in aka ɗaure ta a jiki tana yin ƙuna sosai. Lalle da muke gani ba komai ba, akwai jariran da ke da wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jininsu, in aka shafe musu jiki da shi jinin yakan farfashe. Ku koya wa mai saye ya fara shafa ɗan kaɗan a cikin hannu, ya jira kwana ɗaya ko biyu, in ya ga ƙuraje ko ƙaiƙayi ya bari.

Mafi girman ilimin mai magani shi ne sanin inda maganinsa ya tsaya. Akwai kumburin da ba na shafawa ba ne. Ƙafar mai ciwon suga da ta kumbura ko ta yi gyambo, asibiti ne yau, ba gobe ba, don jinkirin mako ɗaya yana iya cin ƙafar. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman a yaro, tana iya kasancewa da mugunya a ciki. Hannu da ƙafar jariri in suka kumbura yana ta kuka, a auna shi ko sikila ce. Ƙwaurin mai jego ko na wanda ya daɗe a kwance in ya kumbura gefe ɗaya, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, kuma murza shi haɗari ne. Kumburin ƙafa biyu da fuska yana nuni ga zuciya ko ƙoda ko hawan jinin mai ciki. Ƙullutu a nono ba a shafa masa komai a zauna jira. Saran maciji kuwa allurarsa ake nema, irin wadda ake yi a asibitin Kaltungo. Duk wanda ya zo muku da ɗaya daga cikin waɗannan, ku mayar masa da kuɗinsa ku nuna masa hanyar asibiti, in da hali ku raka shi.

Wanda zai sayar, ya bi ta hukumar NAFDAC. Lambar da take fara ba maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin an duba an ga ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, kuma hukumar takan sa a rubuta haka a jikin kwali. Kada ku ɓoye wannan rubutu da ƙananan baƙaƙe. Ku rubuta sunan tsiron da yawansa, da duk abin da kuka ƙara, da ranar haɗawa, da waɗanda bai kamata su shafa ba, kuma ku rubuta da Hausa, har da ajami in za ku iya, don yawancin masu sayenku da ita suke karatu.

Ku zaɓi tsiro ɗaya da ciwo ɗaya, ku zauna a kansu ko da zai ɗauki shekaru. Mai haɗa magani ya nemi masanin tsirrai da likitan asibitin koyarwa, ku kai tsarinku gaban kwamitin da ke kare haƙƙin marasa lafiya a bincike kafin ku shafa wa kowa. In sakamako ya fito ganyen bai yi aiki ba, ku wallafa shi haka nan, don ku hutar da na bayanku. Hutun nan da za ku je gida, ku ɗauki littafi da biro ku zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye. Allah ya yi muku albarka, ya sa a amfana da hannuwanku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.